Ya Cafe Ko Bai Cafe Ba?

Idan aka tara yara goma a ƙofar gida aka cilla musu lemo, babu wanda zai nemi alƙali ya gaya masa wane ne ya cafe, wane ne kuma lemon ya kuɓuce masa. Yarinyar da ke 'yar carafke ta san lokacin da ta ci da lokacin da ta faɗi, ba ta kuwa taɓa buɗe littafi a kan haka ba. Amma ga wata ƙasa can, Amurka, mai jami'o'i da lauyoyi birjik, inda dattawa masu furfura suka shafe kusan shekara 20 suna gardama a kan tambaya ɗaya tak: yaushe ne za a ce mutum ya cafe ƙwallo? Sun zauna a kwamiti, sun rubuta doka, sun goge, sun sake rubutawa, har aka kai lokacin da tsofaffin 'yan wasan da suka ci abinci da cafe ƙwallo suka riƙa faɗa a talabijin cewa su kam ba su ƙara sanin mene ne cafewa ba. Mai jin labarin daga nesa dariya zai yi. Wanda ya bi diddigi kuwa zai tarar rigimar kalma ce, irin wadda mu masu ta'ammali da alƙalami muka saba da ita, shi ya sa muka ga ya dace mu kawo ta wannan fili.

Wasan da muke nufi shi ne wanda su Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa, ko da yake ƙafa ba ta cika taɓa ƙwallon ba. Ɗan'uwan zari-ruga ne, ƙwallon ma mai tsini biyu ce kamar ƙwallon goruba da aka ja ya yi tsawo. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Tsawon fili yadi 100, irin yadin da ake auna shadda da shi, sa'an nan a kowane ƙarshe akwai wani ɗan fili mai yadi 10, wanda a nan za mu kira gidan maki. Duk wanda ya shiga da ƙwallo cikinsa, ko ya cafe ta a ciki, ƙungiyarsa ta sami maki 6. Masu riƙe da ƙwallo ana ba su dama huɗu su ci gaba da yadi 10. In sun yi, a sabunta musu wasu huɗun, in sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Hanyar ci gaban kuwa biyu ce: ko mutum ya danna ta a hammata ya kutsa da gudu, ko majefi ya cilla ta gaba wani ɗan ƙungiyarsu ya cafe. Babbar gasarsu ita ce NFL mai ƙungiyoyi 32, kuma a kanta maganarmu za ta fi tsayawa.

Shi jifan nan ba da shi aka fara wasan ba. A farkon ƙarni na 20 wasa ne na turereniya da danne-danne, har a shekarar 1905 kaɗai jaridu suka ƙirga kusan mutum 20 da suka rasa rayukansu a sanadinsa. Shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya kira wakilan jami'o'in Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa, ya ce a san abin yi. Cikin gyare-gyaren da aka yi a 1906 har da yarda a jefa ƙwallo gaba, don 'yan wasa su bazu a fili a rage cunkoso. Masu dokar wancan zamani ba su karɓi jifan da zuciya ɗaya ba, domin kuwa sun ce in ƙwallo ta faɗi ƙasa ba wanda ya taɓa ta, sai a miƙa ta ga abokan karawa. Sannu a hankali aka sassauta, har jifa ya zama ƙashin bayan wasan, majefa kuma suka fi kowa albashi.

To ga inda gizo ke saƙar, kuma muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan da kyau, don duk sauran labarin a kansa ya rataya. In an jefa ƙwallo gaba ta faɗi ƙasa ba wanda ya cafe, jifa ya mutu ke nan: a busa usur, a mayar da ƙwallo inda aka tashi, dama ɗaya ta tafi, amma ƙwallon tana nan hannun masu ita. In kuwa mutum ya cafe, ta zama tasa, sa'an nan ta suɓuce masa kafin a kayar da shi, to ƙwallon tana da rai, ta zama ganima, wanda duk ya riga faɗa mata ita ce tasa, ko da abokin gaba ne. Akwai kuma na uku: in ya cafe ta zama tasa, aka kayar da shi, sa'an nan ƙasa ta fizge ta daga hannunsa, babu komai, wasa ya riga ya tsaya a inda ya faɗi, ƙungiyarsa ta ci waɗannan yadin. Watau abin da ido ya gani ɗaya ne, ƙwallo tana birgima a kan ciyawa, amma hukunci uku ne mabambanta, kuma abin da zai raba su shi ne ko an cafe ko ba a cafe ba rabin daƙiƙa kafin nan.

Asalin dokar ba ta da wuya. Mutum ya mallaki ƙwallo a hannunsa kafin ta taɓa ƙasa, ƙafafunsa biyu kuma su sauka cikin fili. A wasan jami'o'i da na ƙasar Kanada ma ƙafa ɗaya ta wadatar. Shekara da shekaru alƙalai suna yanke wannan da idonsu, suna yin daidai suna yin kuskure, jama'a su yi gunaguni su watse. Sai kyamara ta shigo. NFL ta fara barin alƙalai su sake duba hoton wasa a 1986, ta daina bayan kakar 1991 saboda ɓata lokaci, ta kuma dawo da shi a 1999. Ba a ko gama wannan kakar ba aka sami rigimar farko. Ran 23 ga Janairu 2000, a wasan da zai fid da wanda zai je wasan ƙarshe na Super Bowl, ƙungiyar St. Louis Rams tana gaban Tampa Bay da 11 da 6, saura ƙasa da minti ɗaya. Bert Emanuel na Tampa Bay ya yi sufa ya cafe ƙwallo da hannu biyu, ya rungume ta, bai sake ta ba ko kaɗan. Da aka sake dubawa sai aka ga tsinin ƙwallon ya shafi ƙasa tana hannunsa. Dokar lokacin ta ce in ta taɓa ƙasa yayin cafewa jifa ya mutu, saboda haka aka soke. Tampa Bay ta faɗi, Rams ta wuce ta ɗauki kofi. Bayan kakar aka gyara doka, aka ce ƙwallo tana iya taɓa ƙasa muddin tana cikin ikon mai riƙe da ita, kuma har yau ana kiran gyaran da sunan Emanuel.

Gyara ne mai kyau, amma ya ɗora nauyi duka a kan kalmar iko. Akwai kuma wata ƙa'ida a littafin da ta ce in mutum yana kan faɗuwa a lokacin da yake cafewa, tilas ne ƙwallon ta zauna cikin ikonsa har ya gama haɗuwa da ƙasa. A takarda magana ce mai ma'ana: wanda ya yi sufa, ƙwallo ta ɗan zauna a tafinsa, ƙasa ta buge shi ta yi tsalle ta fita, ai bai cafe ba. Abin da ba a faɗa ba shi ne yaushe faɗuwa take ƙarewa.

Ran 12 ga Satumba 2010, makon farko na kakar wasa, Detroit Lions ta je baƙunci Shikago wurin Bears. Ana 19 da 14, Detroit ce a baya, saura ƙasa da rabin minti, sai majefinsu Shaun Hill ya cilla ƙwallo gidan maki. Calvin Johnson, wani dogo mai ƙafa shida da inci biyar, ya daka tsalle ya cafe ta da hannu biyu a saman kan mai tsaronsa, ya dira da ƙafa biyu, ya faɗi zaune, ƙwallon tana damƙe a hannu ɗaya. Da ya juya zai miƙe sai hannun nan mai ƙwallo ya sauka a ƙasa, ya bar ta nan ya ruga yana murna. Alƙalin da ke kusa ya ɗaga hannu biyu sama, alamar an ci. Bayan shawara aka ce a'a, aka sake duba hoto aka tabbatar da a'a ɗin. Babban alƙalin ranar, Gene Steratore, ya sanar cewa wajibi ne mai cafewa ya riƙe ƙwallo har ƙarshen dukkan matakan cafewa. Sai mai karatu ya riƙe sunan wannan alƙali, don za mu sake gamuwa da shi sau biyu.

A 2011 aka ƙara wa dokar sharaɗi na lokaci, cewa sai mutum ya riƙe ƙwallon gwargwadon da zai iya yin wani aiki da aka saba yi a wasan. Wannan sharaɗi da ƙa'idar faɗuwa su ne suka yi karo ran 11 ga Janairu 2015 a filin Lambeau na garin Green Bay, cikin sanyin hunturu, a wasan sili-ɗaya-ƙwale tsakanin Packers da Dallas Cowboys. Dallas tana baya da 26 da 21, saura minti huɗu da 'yan kai, suna kan damarsu ta huɗu, yadi 2 kawai suke bukata. Maimakon ya nemi yadi biyun, majefinsu Tony Romo ya cilla ƙwallo can nesa ta gefen hagu. Dez Bryant ya tashi sama ya ɗauke ta a bisa kan Sam Shields, ya sauko, ya taka sau uku yana tangaɗi don ƙafarsa ta sarƙe da ta Shields, ya mayar da ƙwallon hannu ɗaya, ya miƙa ta wajen layin gidan maki. Da hannun ya bugi ƙasa ƙwallon ta ɗan yi tsalle, ya sake tare ta a jikinsa. Alƙalin wurin ya ce ya cafe, saura yadi ɗaya a shiga gida. Mai horar da Packers, Mike McCarthy, ya jefa jan ƙyallen da ake neman sake dubawa da shi. Steratore ne dai babban alƙali. Ya duba, ya fito ya ce jifa ya mutu. Ƙwallo ta koma hannun Packers, ba ta kuma sake dawowa hannun Dallas ba har aka tashi.

Hujjar alƙalai ita ce tun da Bryant ya bar ƙasa yake kan faɗuwa, takun nan uku tuntuɓe ne na mai faɗuwa, ba gudun mai ƙwallo ba ne, don haka ƙa'idar faɗuwa ce ke aiki a kansa. Masoya Dallas suka ce to miƙa hannun fa, ashe ba aiki ba ne da aka saba yi a wasan? Shugaban sashen alƙalai na lokacin, Dean Blandino, ya ce miƙawar ba ta fito fili sosai ba. Abin takaicin shi ne da Bryant ya ƙanƙame ƙwallon a ƙirji ya faɗi kamar buhun gero, da an ba shi, da Dallas ta sami sabbin dama huɗu a bakin ƙofa. Ƙoƙarin da ya ƙara, wanda ba zai yiwu ba sai ga wanda ƙwallo ta riga ta zauna a hannunsa, shi ne aka kafa hujja da sakamakonsa aka ce bai cafe ba.

Mu dai a namu gani Bryant ya cafe. A namu ganin kuma Steratore bai ci amanar littafin da aka ba shi ba. Duka biyun suna iya zama gaskiya a lokaci guda, kuma duk wanda ya taɓa duba takardun jarrabawa da jagorar ba da maki a gefensa ya san haka. Mu malaman makaranta mun sha gamuwa da yaron da ya fahimci tambaya sarai, ya amsa da kalmominsa, amma jagora ta ce sai an ga wata kalma takamaimai kafin a ba da maki. Zuciya tana cewa a ba shi, takarda tana cewa a hana, ga kuma na gaba da kai da zai bi bayan aikinka da tasa jagorar. Sau da yawa mun ji abokan aiki suna cewa da ma a jefar da jagorar a bar malami da hankalinsa. Amma mun san abin da zai biyo baya: makin yaro zai koma ya dogara ga wanda takardarsa ta faɗa hannunsa, da ko ya karya kumallo, da ko ya san uban yaron. Ba don mugunta aka rubuta jagora ba. Matsalar tana tasowa ne ran da aka sami amsar da marubucin jagorar bai taɓa kawo ta a ransa ba.

Akwai wani abu da harshenmu ke nunawa a nan wanda muke ganin ya kamata marubuci ya tsaya a kansa. Dokar Amurkawan ta ɗora komai a kan kalma ɗaya, alhali abin da ke faruwa tsakanin hannu da ƙwallo tsani ne mai matakai. Bahaushe yana cewa ya taɓa, ya tare, ya cafe, ya riƙe, ya damƙe, ya ƙanƙame, kowace kalma da nata mataki. Wajen rabuwa kuma abin ya fi ban sha'awa. In muka ce ya saki ƙwallo, ko ya ajiye ta, ko ya yar, mutumin ne mai aikin. In muka ce ta kuɓuce masa, ko ta suɓuce, aikin ya koma kan ƙwallon, shi kuwa ya zama wanda abu ya sama. Duk Bahaushen da ya kalli hoton Calvin Johnson dole ya zaɓi ɗaya daga cikin biyun kafin ya iya ba da labari, kuma da ya zaɓa ya riga ya yanke hukunci. Mu mun ce ajiyewa ya yi. Dokar 2010 kuwa ta ƙi yin wannan tambaya gaba ɗaya, saboda bambancin ajiyewa da kuɓucewa yana cikin niyya, kyamara kuma ba ta ɗaukar niyya. Ta gwammace ta tambayi abin da za a iya nunawa a allo: da ya gama motsi, ƙwallon tana hannunsa ko tana ƙasa? Kada dai mu yi saurin yabon kanmu. Yawan kalmomin namu bai ce mana ga daidai inda cafewa ta ƙare riƙewa ta fara ba. Da mu aka ba aikin rubuta dokar, da a wannan gaɓar za mu maƙale kamar yadda suka maƙale.

Masu cewa a bar wa ido, ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima, suna da gaskiyarsu, sai dai sukan manta da ganimar nan da muka ambata a baya. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. In aka sauƙaƙa cafewa ƙwarai, aka ce hannu biyu da ƙafa biyu sun wadatar, to duk wanda ƙwallo ta zauna a hannunsa ƙiftawar ido, wani ƙato ya bangaje shi ta fita, ƙwallon ta zama mai rai ke nan, abokan gaba su sure ta su ruga. Abin da a da jifa ne ya mutu kawai, sai ya koma asarar ƙwallo ɗungurungum. Ƙungiyar da ke kukan an hana ta cafewa yau, ita ce gobe za ta yi kukan an ba ta cafewar da ba ta nema ba. Daɗin daɗawa akwai maganar lafiya. Doka ta ba mai cafewa kariya ta musamman, ba a yarda a doke shi a kai ko a wuya ba a lokacin da hankalinsa ke kan ƙwallo, har sai ya sami lokacin da zai zama mai gudu da zai iya kare kansa. Saboda haka layin da ake ja tsakanin mai cafewa da mai gudu yana taɓa maki, yana taɓa mallakar ƙwallo, yana kuma taɓa ƙwaƙwalwar ɗan'adam. Masu kwamitin ba sakarkaru ba ne, bargo ne gajere a hannunsu, in sun rufe kai ƙafa ta fito.

Bayan rigimar Bryant aka sake taɓa kalmomin a 2015, aka ce sai mutum ya riƙe ƙwallo har ya tabbata ya zama mai gudu. A 2016 aka ƙara bayani a kan bayanin. Ƙa'idar faɗuwa dai tana nan daram.

Abin da ya karya ta wasa biyu ne da mako bakwai cif ya raba. Ran 17 ga Disamba 2017 Pittsburgh Steelers tana bayan New England Patriots da 27 da 24, saura kamar rabin minti. Jesse James ya cafe ƙwallo dab da gidan maki, gwiwarsa ta sauka, ba wanda ya taɓa shi, ya juya ya miƙa ƙwallon ta tsallake layi. Da hannayensa suka bugi ƙasa ta ɗan juya. An ba da maki 6, jama'a suna ta sowa, sai aka sake dubawa aka soke. Jim kaɗan aka tare wa majefinsu Ben Roethlisberger jifa a gidan maki, wasa ya ƙare. Ƙungiyoyin biyu sun gama kakar da nasara 13 da faɗuwa 3 kowace, wannan wasan ne ya ba Patriots fifikon karɓar baƙi a gida. Sai ran 4 ga Fabrairu 2018 a Super Bowl, wanda a wajenmu yakan fara da sha biyu da rabi na dare, Philadelphia Eagles ta kara da Patriots ɗin dai. Cikin 'yan Eagles har da Nelson Agholor, haifaffen Legas, wanda ya cafe ƙwallo sau 9 a daren. Saura minti biyu da 'yan daƙiƙu, Zach Ertz ya cafe, ya taka sau uku, ya yi sufa cikin gidan maki, ƙwallon ta bugi ƙasa ta yi sama, ya sake cafe ta. A idon mai kallo abin da ya sami James ne sak, ƙwallon Ertz ma ta fi yin nisa da hannu. Aka duba, aka duba, sa'an nan babban alƙali, Steratore a karo na uku, ya ce maki ya tabbata. Dalili kuwa shi ne Ertz ya riga ya zama mai gudu kafin ya faɗi, mai gudu kuma da zarar tsinin ƙwallonsa ya keta layi an ci, abin da ya biyo baya ba ruwan kowa. Eagles ta ɗauki kofi da 41 da 33. Bisa littafi duka hukuncin biyu suna da madogara, amma babu yadda za a yi a bayyana wa mutum miliyan ɗari da ke kallo bambancinsu cikin jimla ɗaya.

Tun kafin wannan wasa shugaban gasar, Roger Goodell, ya riga ya ce yana son a sake rubuta dokar daga tushe. Kwamitin ya bi wata hanya da muke ganin darasi ce ga mai koyon rubutu: sun fara da tara hotunan cafewar da kowa ya yarda cafewa ce, irin ta Johnson da Bryant da James, sa'an nan suka nemi kalmomin da za su ɗauke su duka. Ran 27 ga Maris 2018, a taronsu na birnin Orlando, masu ƙungiyoyi 32 suka amince ba ko mutum ɗaya da ya ƙi. Sabuwar dokar sharaɗi uku ce: iko da ƙwallo, ƙafa biyu ko wani sashen jiki ban da hannu a cikin fili, sa'an nan wani aiki na wasa, kamar taku na uku, ko miƙa ƙwallo gaba, ko samun lokacin da zai isa a yi hakan. Wanda ya cika ukun nan ya cafe, ko da ƙasa ta fizge ta daga baya. Wanda ya faɗi bai cika su ba kuwa har yanzu sai ya riƙe ta. Mafi yawan gyaran da almakashi aka yi shi, an yanke abin da shekaru suka tara.

Tsugune ba ta ƙare ba duk da haka. Dubi ƙarshen sharaɗi na uku, samun lokacin da zai isa. Wa zai auna isar? Dokar ta kuma ce ɗan motsin ƙwallo a hannu ba ya nufin ta fita daga iko. To nawa ne ɗan? An kori hankalin alƙali ta ƙofa, an dawo da shi ta taga, kuma mu muna ganin daidai ne a dawo da shi, don babu jimlar da za ta maye gurbinsa. Abin da ya sa wannan ya fi wuya a yau shi ne kyamarar da ke rage gudun hoto. Cafewa aiki ne da ke faruwa cikin ƙiftawar ido, kuma a wannan saurin ne mutane suka raɗa masa suna. In aka ja rabin daƙiƙa ta zama daƙiƙa goma, babu ƙwallon da ba ta motsi a hannu, babu riƙon da ba a ga rata a cikinsa. Mu ma masu kallon tamaula mun ɗanɗana irin wannan. Ran 26 ga Yuni 2018 a gasar kofin duniya ta Rasha, ƙwallo ta tashi daga kan Marcos Rojo na Ajantina ta bugi hannunsa a cikin da'ira, alƙali Cüneyt Çakır ya je ya duba allo ya dawo ya ce babu fanareti, daga baya Rojo ɗin ya ci ƙwallon da ta fid da Nijeriya da 2 da 1. Kowa ya ga ƙwallo ta taɓa hannu, gardamar da aka kwana ana yi a majalisu a kan ma'anar taɓa hannu ce.

A farkon 2018, ana cikin shirin gyaran dokar, John Mara, mai ƙungiyar New York Giants kuma ɗan kwamitin dokoki, ya shaida wa 'yan jarida cewa kwamitin ya haɗu a kan abin da Bryant ya yi ya kamata a ce cafewa ce, haka ma na Johnson. Mutanen Dallas suka karɓi maganar kamar yadda ake karɓar ihu bayan hari. Littafin tarihi har gobe yana cewa Packers 26, Cowboys 21. Johnson ya riga ya bar wasa tun bayan kakar 2015, Romo ya bi shi bayan ta 2016, ba ɗayansu da ya taɓa zuwa Super Bowl. Dallas ta sallami Bryant a watan Afrilu 2018, makonni kaɗan bayan an zartar da dokar da ta wanke shi. Steratore kuwa ya ajiye usur a watan Yuni na shekarar, ya koma gidan talabijin na CBS, inda aikinsa ya zama yi wa masu kallo fashin baƙin hukuncin da wasu alƙalan suka yanke.